Randuna Biyar na Goggo Fusano

Goggo Fusano, ƙanwar babana, ta yi shekara hamsin da biyu tana matsar ɗanyar kanya, kuma ni ce na tuƙa motar da ta kashe mata sana'ar. Gara in faɗi wannan tun da wuri, kafin in fara zagin wasu.

Tana da shekara ashirin da biyu aka kai ta gidan mijinta Ryozo, can gefen tudu a ƙarshen ƙauyenmu, inda itatuwan kanya suka kewaye gonakin shayi. Ta sha ba ni labari cewa kwana uku da zuwanta surukarta ta ja ta zuwa rumfar da ke arewacin gidan, ta buɗe randa, ta ce ta sa hanci. Goggo ta sa, ta fita da gudu ta yi amai a gindin katanga. Tsohuwar ta jira ta gama, ta miƙa mata ruwa, ta ce, "To, dawo. Saura huɗu."

Abin da ke cikin randunan shi ne shibu, ruwan ɗanyar kanya da aka bari ya tsufa. Da an gama bikin magabata a tsakiyar Agusta ake kaɗo kanyar tana kore shar, da baurin nan mai ɗaure harshe. A daka a turmin itace, a jiƙa, a matse a buhu, a zuba ruwan a randa. Sai a ɗebo ludayi uku daga randar da ta fi tsufa a ƙara masa don ya kama. Ita wannan randa uwa ake ce mata, kuma ba a taɓa barin ta ta ƙare ba tun zamanin surukar surukarta. Ana ɗiba ana cikawa. Sabon ruwan ya yi kwana goma yana kumfa yana wari, sannan a rufe shi a duhu. Shekara uku ne mafi ƙarancin jira. In aka shafa shi a takarda ko yadi ko katako aka shanya a rana, ruwa ba ya ratsa abin, ƙwaro ba ya ci, launinsa kuma kullum ƙara ja yake yi kamar bayan tsohuwar ƙwarya.

Amma abu ne mai fushi. Ba ya son ƙarfe, da ya taɓa shi sai ya yi baƙi. Ba ya son iska, ba ya son zafi. Idan aka yi sakaci ya fara kauri, a ƙara ruwa a motsa, ya dawo. Idan aka bari ya daskare kuwa, shi ke nan, babu mai tashe shi. Shi ya sa randunan Goggo biyar a binne suke har wuya a ƙasar rumfar, inda ko a tsakiyar zafi tafin ƙafa yake jin sanyi. Duk bayan 'yan kwanaki takan ɗaga murfi, ta tsoma sandar gora, ta ɗago ta duba ɗigon. In ya faɗi tsaf, lafiya. In ya ja zare, ta kawo ruwa. Haka ta yi da ciki, haka ta yi da goyo, haka ta yi ranar da aka ƙone gawar Kawu Ryozo bisa al'adarmu. Da baƙaƙen kayanta na makoki ta shiga rumfar, na gan ta.

Hannunta ban taɓa ganin sa da launin hannun mutane ba. Ɗanta tilo, tun yana firamare yara suke toshe hanci in ya shigo aji, yana gama sakandare ya tafi birnin Osaka, kuma ban ga laifinsa ba. Masu saye ma haka suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Masunta suka koma tarun roba. Mai lemar takarda ya mutu, 'ya'yansa suka mai da shagon wurin ajiye motoci. A ƙarshe saura Baba Inosuke mai yin mafici, wani kurman tsoho ɗan shekara tamanin da ɗaya, da wasu mata biyu daga birni masu rina jakunkuna, sai mutanen ƙauye da ke zuwa da kwalba in za su shafe dangar gida.

Baba Inosuke kuwa shibu na shekara biyar kaɗai yake karɓa. In ya zo kan kekensa tun daga bakin hanya yake ihu.

"Ina mai ƙamshi? Tun daga gada na san kina raye!"

"Ashe hancin bai bi kunnen ba," in ji Goggo. "Shigo, tsohon banza, kada ka faɗi a kwata in sha jinya."

"Me kika ce?"

"Na ce ka yi kyau!"

Sai aka sayar da gonakin shinkafar da ke ƙasa da gidanta. Cikin shekara uku gidaje ashirin da wani abu suka tsiro a wurin, farare, iri ɗaya, kowanne da 'yar motarsa da igiyar shanya. Mutanen ba miyagu ba ne, kada a ce na ce. Suna gaisuwa, suna fitowa sharar unguwa. Kuma ba zan yi ƙarya ba, shibu yana wari. Warinsa kamar an haɗa ruɓaɓɓen ɗan itace da safar da aka kwana uku da ita. Amma kwana goma ne a shekara yake cika gari. Sauran lokaci sai in ta buɗe randa, ko ta shanya yadi a tsakar gida. Masu kiwon kaji a wancan ƙetaren kullum ne nasu warin, ba wanda ya taɓa kai musu ziyara, don su maza ne masu manyan murya.

A watan Yuni, ana tsakiyar ruwa, Kuramoto shugaban unguwa ya zo da akwatin biskit ɗin shinkafa a naɗe da takarda mai kyau. Ina gidan, na kawo mata kifi. Ya durƙusa, ya sha shayi, ya yabi shayin. Ya tambayi gwiwarta. Ya ce bana an ce za a yi zafi sosai, mutane za su riƙa kwana da tagogi a buɗe. Ya ce shi kam yana mamakin iskar ƙauyen nan, yadda da yamma take saukowa daga tudu ta bi ta kan sababbin gidaje. Ya ce akwai mai jego a gida na uku. Ya ce sana'ar gargajiya abin alfahari ce, dukanmu muna alfahari. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma, ya tafi.

Ko sau ɗaya bai ce wari ba. Bai ce shibu ba.

Na ce, "Goggo, tunda bai faɗa ba, ke ma ba ki ji ba. Ci biskit ɗinki."

Ta daɗe tana kallon akwatin. Ta ce, "Mutum ya taka ruwa ya zo har nan, Sakie. Kin san nauyin da ya ɗauko?"

"Nauyin biskit."

"Ke dai bakinki. Shekara nawa ke nan ina damun mutane ban sani ba."

"Ke kika tarar da su ko su suka tarar da ke?"

Washegari ta bi gidajen nan ashirin da wani abu ɗaya bayan ɗaya, da ƙananan tawul a leda, tana ba da haƙuri. Kowa ya ce haba, ba komai, su ba su ma lura ba. Ta dawo ta ce mini, "Kin ji? Mutanen kirki. Har ɓoye mini suke yi."

Abin da ta yanke shi ne ta kwashe komai zuwa rumfar kayan aikin Kawu Ryozo, can saman gonar shayi, tafiyar minti ashirin da biyar a ƙafa, hawa zalla. Rumfar kwano ce sama da ƙasa. Na ce a bar tsofaffin randunan inda suke, a rufe suke, a kai sabon matsi kawai can. Ta ce a'a. In za a kawar da abu a kawar da shi duka, kada mutumin nan ya sake ɗauko akwati ya zo, ba za ta iya kallon idonsa ba.

Na ce, "Zafin fa?"

"Zan lulluɓe su da tabarmi. Zan riƙa hawa."

"Da wace gwiwar?"

"Za ki kawo motar ko in nemi wani?"

Ita ta fi kowa sanin abin da zafi yake yi wa shibu. Ita ta koya mini. Wannan shi ne abin da har yau yake ci mini rai: ba jahilci ba ne, da idonta a buɗe ta yi, don kada a ce ta dami mutane. Ni kuma da na iya cewa ba zan kawo motar ba. Na kawo.

Randa a binne ba ta ɗaukuwa, sai muka kwashe ruwan a jarkokin roba. Ranar Lahadi ce ta farkon Yuli. Muka fara tun safe, ita tana ɗiba da ludayin itace, ni ina riƙe mazurari, kuma ta sa na rufe ƙofar rumfar don kada warin ya sauka ƙasa, har idona ya riƙa ruwa. Jarka goma sha bakwai. Wasu ba su cika ba, don ba ta yarda a haɗa na shekara ɗaya da na wata ba, ga iska zaune a samansu. Ta rubuta shekarar kowanne a jiki. Ta uwa ba ta rubuta komai ba, ta ɗaura mata tsumma a hannu, ta rungume ta a cinya a gaban a-kori-kurar. Muna wuce sababbin gidajen tana sunkuyar da kai ta taga.

Sati uku tana hawa duk bayan kwana biyu, da sanda a hannu ɗaya, butar ruwa a ɗayan. Damina ta ɗauke, rana ta buɗe irin wadda ban taɓa gani ba. Ni ina kamfanin ɗaurin shayi daga takwas zuwa biyar, sai ranar hutu nake kai ta da mota. A ƙarshen wata wani mai feshin gona ya tsince ta zaune a gefen hanya, ba ta san inda take ba, butar ta gangara cikin shayi. Kwana shida ta yi a asibiti ana ƙara mata ruwa. Likita ya ce in ya sake jin ta hau tudu kafin sanyi ya shigo, kada a dawo masa da ita.

A gadon asibitin ta riƙo rigata.

"Ki hau ki duba su. Kowacce ki tsoma gora. In ya ja zare ki ƙara ruwa kofi biyu ki motsa. Ki fara da uwa."

"Na ji."

"Ba kallo ba, Sakie. Tsomawa."

"Na ce na ji, Goggo. Ni yarinya ce?"

Na hau sau ɗaya, bayan an tashi aiki. Na buɗe ƙofar rumfar, zafi ya buge ni kamar na buɗe tanda. Na kwance murfin jarka biyu na bakin ƙofa, na leƙa, na ga abu ja yana sheƙi. Gorar tana can ciki bayan tabarmi, numfashina yana ɗaukewa, surukina yana gida yana jiran a ba shi abinci da magani. Na mayar da murfin. Na ce mata lafiya lau suke. Na yi niyyar komawa ranar Lahadi, sai aka ce a zo aiki saboda kayan kyautar biki. Lahadin gaba kuma sharar kaburbura. Duk gaskiya ne, kuma duk ba hujja ba ne.

Aka yi bikin magabata. Ɗanta ya zo da matarsa suka kwana ɗaya, ya ce gidan ya yi daɗin zama yanzu. Kwana biyu da tafiyarsu Goggo ta kira ni ta ce kanya ta kai, in zo mu je ta ga uwa kafin a kaɗo. Na ce likita fa. Ta ce likita tudu ya hana ta hawa, bai hana ta zama a mota ba.

Da safe muka je. Na jawo mata jarkar mai tsumma zuwa bakin ƙofa, kuma tun a jan na ji babu abin da ke motsi a ciki. Ta zauna a kan buhun taki, ta kwance murfin, ta tsoma gorar. Ta saki. Gorar ta tsaya cak.

Ta kalle ta. Ta ce, "Kawo wuƙa."

Na yanka jarkar daga sama har ƙasa. Abin ya fito dunƙule guda da siffar jarkar, ja mai duhu, yana rawa, sak alawar waken nan da ake yankawa a sha shayi da ita. Ta danna da yatsa, wurin ya lotsa ya dawo. Ta gutsuri kaɗan ta murza, ta kai hanci.

"Ko warin ma ya tafi," ta ce.

Muka bi sauran. Na shekara biyar, na huɗu, na uku, duk haka. Na bara kaɗai ne ya yi ƙara da na girgiza, har na fara sa rai. Ta sa na zuba a bokitin roba. Ya fito da gudaji kamar kunun da ya lalace. Ta ƙara ruwa ta yi ta motsawa, ta yi ta motsawa, ruwan ya tsaya gefe, gudajin suka tsaya gefe. Ta ajiye gorar.

Na ce, "Goggo, ban tsoma ba. Ran nan da na hau. Leƙawa kawai na yi."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Kin zo asibiti ba ɗigo ko ɗaya a rigarki. Wa ya taɓa motsa jarka goma sha bakwai ya fito fes?"

"To me ya hana ki magana? Me ya hana ki zage ni in koma?"

"Kina da tsoho a gida, kina da aiki. Na riga na ɗora miki da yawa."

A nan ne na yi mata ihu. Ban taɓa ɗaga wa babba murya haka ba. Na ce ke wace irin mace ce? Kin ji kunyar Kuramoto, kin ji kunyar mai jego, kin ji kunyata, randar da ta girme ki ce kaɗai ba ki ji kunyarta ba! Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba. Ta bar ni na gama. Ta ce in na huce in taimaka mata mu haƙa rami a gindin kanya, ba za ta sa wannan a sharar unguwa ba, masu kwasa za su sha wahala da nauyinsa.

Har azahar muna binnewa.

Bayan kwana huɗu Baba Inosuke ya zo. Wannan karon bai yi ihu daga hanya ba. Ya jingine keken, ya ciro wata kwalba daga kwando a naɗe da jarida, ya ajiye a dakalin ƙofa. Ragowar wanda ya karɓa bara ne, bai kai rabi ba, ya juye shi a ƙaramar kwalba har wuya yadda ta koya masa.

"Ga 'yarki na dawo miki da ita," ya ce. "Daga randarki ta fito. Ludayi uku dai ake so, ko? Zai yi."

Goggo ta ɗaga kwalbar a haske, ta karkata ta. Ruwan ya gudu sumul.

"Ka iya ajiya, kurma."

"Me?"

"Na ce ka iya ajiya!"

"To a kaɗo kanya mana. Kwana nawa ya rage ta fara ja? Ga Sakie, ƙatuwar mace, ta yi dakan."

Na ce zan yi. Da gaske nake. Na ce a tsakar gidana za a yi, in buɗe ƙofa da taga, duk mai magana ya zo ya same ni.

Goggo ta matsa kusa da kunnensa don kada ta maimaita. "Inosuke, in na matsa bana, yaushe zai kai yadda kake so?"

"Shekara biyar."

"Kai nawa ke nan?"

Ya ƙirga a ransa. Ya yi dariya har da tari. "Tamanin da shida."

"Ni saba'in da tara. Wa zai jira wani?"

"Sai in karɓi na shekara uku."

"Ƙarya kake. Shekara arba'in kana raina mini na uku." Ta mayar da kwalbar cikin jaridar, ta naɗe da kyau, ta tura masa. "Je ka gama maficanka. Zai yi maka ɗari in ka sirka. Kada ka ɓata shi a kaina."

Ya ƙi ɗauka. Ta ƙi ɗauka. Suka zauna kwalbar tana tsakaninsu, suna shan shayin sha'ir mai sanyi, yana ba ta labarin wani da suka yi makaranta tare da aka kai gidan tsofaffi. Da zai tafi na ɗauki kwalbar na sa masa a kwando da kaina, don na ga fuskarta, na san ba ja take yi don a roƙe ta ba. Ta gaji ne.

Ba a kaɗo kanya ba a shekarar, ba a kuma kaɗo ba tun daga nan. Tana nan da ranta, shekara biyu ke nan. Da yamma takan zauna a dakali tana ɓare wake, mutanen sababbin gidaje su wuce su gaishe ta, ta amsa da fara'a. Ni ce ba na amsawa, kuma an ce ana maganata a unguwa. A yi.

Ranar da Baba Inosuke ya tafi da kwalbarsa, na tsaya wanke kofuna, ina buga su da ƙarfi don ta ji. Ta leƙo ɗakin girkin tana dafe da bango.

"In kin fasa sai ki saya," ta ce. "Laraba kina da hutu? Ina so ki kai ni wurin likitan gwiwa. Tun bara yake cewa a yi aikin, ina cewa ba ni da lokaci."